HALITTUN ƘARSHEN DAMINA: ABIN DA MANOMI ZAI DUBA KAFIN YA RUFE RUMBU

Zuwa ga manoma, da dagatai, da masu unguwa.

Ya kai mai karatu, ka san lissafin taurari da malamai su ke yi. Damina tana da taurari bakwai, kowane ɗaya kwana 13 ne, sai Jabaha kaɗai ita ke da 14. In Harsan ya fita, Sarfa ta kama, sai a ce kaka ta shigo. Amma manomi, ko bai ji daga bakin malami ba, gonarsa ta isa ta gaya masa. Hadari ya kan taso da iska da tsawa, ruwansa kuwa kaɗan. Raɓa ta kan yi yawa da safe. Gero ya nuna, dawa ta fid da kai, wake yana fure. Gawo kuma, wanda ya tsaya ba ganye duk damina, yanzu ya ke tofo.

A wannan lokaci hankalin kowa yana kan hatsi, daidai ne kuwa. Amma muna so ka ƙara abu ɗaya. Ka riƙa duban ƙananan halittun da ke bayan gidanka, da gindin dangarka, da kan jujinka, da bakin gonarka. Dalili shi ne, ruwa zai ɗauke wata bakwai ko takwas, kuma kowane mai rai da ya ci damina tare da kai yana neman yadda zai kai baɗi. Dabararsu uku ce. Waɗansu su kan yi ƙaura. Waɗansu su kan kwanta a ɓoye har ruwa ya sauka. Waɗansu kuwa su kan bi hatsi su shiga gida. Wanda ya san inda kowanne ya nufa, ya san inda zai tare abokin gaba, ya kuma san wanda ya kamata ya ƙyale.

MASU ƘAURA

Soma da duban sama. Shamuwar da ta zo da ruwan fari, ta yi sheƙa bisa itacen ƙofar gidanka, yanzu 'ya'yanta sun tashi. Za ka ga sun taru da yawa suna kewayawa can sama. Cikin Satumba da Oktoba su ke barin ƙasarmu, su nufi kudu har ƙasashen Zambiya, da Zimbabuwe, da Afirka ta Kudu, inda damina ke kamawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Abincin shamuwa fara ne da tsutsa, da su ta yi kiwon 'ya'yanta duk damina. Iyayenmu da suka hana yara jifanta sun san abin da su ke yi.

Tana tafiya, waɗansu baƙi suna isowa. Akwai tsattsewar da ke zuwa daga Turai, ta ƙetare teku, ta ƙetare Hamada, alhali nauyinta bai fi na babban goro ba. Ƙwari masu tashi ta ke ci, ba ruwanta da hatsi.

Tsuntsun da za ka yi tsoro shi ne jan-baki. Cikin ƙarshen damina ya kan yi sheƙa a kurmin ƙaya kusa da ruwa, sheƙa dubbai a wuri guda. Daga ginin sheƙa zuwa tashin 'ya'ya kamar mako biyar ne ko shida. Abincinsa na asali 'ya'yan ciyawar daji ne, amma in tsakin sun tashi da yunwa, suka tarar da gero ko shinkafa da ruwa-ruwa, sai su fāɗa musu. Mutanen Haɗeja, da Nguru, da bakin Tafkin Cadi sun san wannan sarai. In makiyayi ko maharbi ya ga inda su ke sheƙa, ya faɗa tun da wuri, gama bayan sun tashi sai tsaro da majajjawa. Gonar da ta nuna ita kaɗai, gaban sauran ko bayansu, ita ke shan ɓarna duka. Shi ya sa ya fi kyau mutanen gari su yi shuka tare, su yi girbi tare.

Fara kuma iri biyu ce a wajen manomi. Ta fari ita ce ƙaramar farar nan mai launin ƙasa ko tsanwa, wadda ta addabi masu gero a Sakkwato, da Katsina, da Borno, da ƙasar Nijar. Da damina ta kan bi ruwa ta yi arewa. In ciyawar arewa ta bushe, iska ta juya, sai ta komo kudu da dare, ta iske gero yana tumu. Shekarar 1986 ta yi ɓarna mai yawa a ƙasashen bakin Hamada. Kafin ta mutu ta kan tsoma gindinta cikin rairayi, ta zuba ƙwai a dunƙule cikin wani kumfa, zurfin kamar inci biyu. Ƙwan nan ba ya ƙyanƙyashewa sai ruwan baɗi. Saboda haka ka lura da inda fara ta yi yawa cikin Oktoba, musamman saura da gefen gona. In ka sassare wurin da fartanya da rani, rana da tururuwa da zabi za su gama da mafi yawan ƙwan.

Ta biyu ita ce farar da ke rufe rana. A shekarar 1921 wani masani mutumin Rasha, mai suna Boris Uvarov, ya bayyana asirinta. Watau farar da ka ke gani ɗai-ɗai ba ta kula kowa, da mai tafiya cikin runduna, halitta ɗaya ce. In ruwa ya yi kyau suka hayayyafa, sa'an nan ciyawa ta bushe ta matse su wuri ɗaya, gogayyar jikinsu ita ke sāke musu launi da hali. A 1928 irin wannan runduna ta tashi daga fadamun Kwara na ƙasar Mali, ta game yawancin Afirka, ba ta lafa ba sai wajen 1941. A 2004 kuma farar Hamada ta haɗu da fari, suka jefa Nijar cikin yunwa. To, in ka ga ɗango, watau 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba, sun haɗu suna tafiya sun fuskanci waje ɗaya, kada ka kwana ba ka gaya wa dagaci ba. Tun suna ƙasa a ke iya musu.

MASU KWANCIYA

Kwaɗo ya kan tona ƙasa mai laima ya shige. Gaiwa ta kan nutse cikin lakar tafki, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi rani a nan. Waɗannan ba su cuce ka ba. Amma akwai masu kwanciya cikin kayanka.

Ka je gonar dawarka, ka tsaga kara goma daga wurare dabam dabam. In ka ga rami ya bi tsakiyar kara, da wata tsutsa fara-fara a ciki, to, ka ga mai kashe maka shuka baɗi. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, mai launin ƙasa. Tsutsar da ta zo ƙarshen damina ba ta rikiɗa, sai ta daina ci, ta kwanta cikin busasshen kara har wata shida. In ruwa ya sauka, ta rikiɗa, ta fito da fiffike, ta zuba ƙwai a kan sabuwar dawa. Ka san shukar da ganyenta na tsakiya ya ke bushewa tun tana ƙarama? Aikinta ke nan. Kai kuwa da hannunka ka ɗauko ta, ka jingine ta a inuwa, ka yi danga da ita kusa da gonar bayan gida. Masanan aikin gona na Samaru, kusa da Zariya, sun gwada magani mai sauƙi. Da an yanke kai, a babbake karan sama-sama, ganye ya ci wuta, karan ya tsira. Wannan ya kan kashe mafi yawan tsutsar, kara kuwa har ƙarfi ya ke ƙarawa. In kana son ganyen don dabbobi, shimfiɗa karan a rana, kada ka tsai da shi a inuwa. Abin da ya rage ba a yi aiki da shi ba, a ƙone shi ko a sa shi a ramin taki kafin bazara ta ƙare.

Sa'an nan duba kan gero. In ka ga wata hanya ta kewaye zangarniya kamar an naɗa mata zare, ƙwaya kuwa babu a hanyar, aikin tsutsar kan gero ne, wadda mutanen Nijar ke kira murzuna. Ba a san ta da ɓarna mai yawa ba sai bayan farin 1972 zuwa 1974. In ta ƙoshi ta kan sauka ta shige ƙasa, ta yi rani a nan, ta fito bayan ruwa ya zauna. Labarin maganinta yana zuwa nan gaba.

Akwai kuma baƙuwar tsutsa mai cin masara, wadda asalinta Amurka ne. A farkon 2016 aka soma ganinta a Afirka, Nijeriya kuwa tana cikin wuraren da aka fara gani. Alamarta, a kanta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere bibbiyu. Ta kan bar kashi kamar dusar katako cikin kunnen masara. Ita ba ta kwanciyar rani. Daga masarar damina sai ta koma ta fadama, daga ta fadama ta komo ta damina. Mai noman rani ya riƙa duba masararsa kowane mako tun tana ƙarama, ya murtsuke ƙwai da ƙananan tsutsa kafin su shige ciki.

Kada ka rena gyauron gyaɗa. Akwai wani ɗan ƙwaro baƙi, kamar kwarkwata, mai taruwa a kan tofo yana tsotson ruwan ganye. Shi ke ɗaukar ciwon nan mai murɗe ganyen gyaɗa, ya tsuke ta, ta ƙi 'ya'ya. A shekarar 1975 ciwon ya cinye kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya, mutane da yawa suka bar nomanta. Ƙwaron da ciwon duka suna samun mafaka a jikin gyauron da ya tsiro wurin laima bayan an cire gyaɗa. Duk inda ka ga gyauro da rani, tuge shi. Baɗi kuma ka yi shuka da wuri, ka matsa ta kusa da juna, gama ƙwaron ya fi sauka a gonar da ƙasa ke bayyane.

WAƊANDA KE MAKA AIKI BA LADA

Ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Dubi ɗakin laka da zanzaro ya gina a bangon zaurenka. Waɗansu suna cewa zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa ya ke ɗaukowa ya mai da ita ɗansa. In ka fasa ɗaki ɗaya za ka ga gaskiya. Ya kan harbi tsutsa, ko gizo-gizo, ta sandare ba ta mutu ba, ya cusa ta ciki, ya sa ƙwai guda, ya liƙe ƙofa. Ɗansa ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci ɗanye. Tsutsar nan kuwa daga gonarka ya ɗauko ta.

Zanzaro yana da wani ƙane, wanda girmansa bai kai na ƙwayar shinkafa ba. Shi ne maganin murzuna, gama a jikinta ya ke zuba ƙwai, 'ya'yansa su cinye ta. Tun daga 2006 a ke kiwonsa a Nijar, da Mali, da Burkina Faso. A kan sa shi cikin ƙananan jakunkuna tare da abincinsa, a rataye kewayen gari sa'ad da gero ke fid da kai, shi kuwa ya fita ya bazu cikin gonaki.

Haka ƙoƙi-ƙoƙi, da gizo-gizo, da mazari, da ƙadangare, da hawainiya, da kwaɗo, da bushiya, da ƙananan jemagu, dukansu ƙwari su ke ci. Akwai wani ɗan ƙwaro kuma mai kama da rabin ƙwallon magarya, ja ko rawaya da ɗigo baƙi, wanda shi da 'ya'yansa suna cin mai tsotson gyaɗa da wake. Ƙudan zuma kuwa shi ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, kabewa da kankana da riɗi su yi 'ya'ya. Har hangara, wadda ke cin furen gero ta kuma ƙona fatar mutum, tana da nata amfani, gama 'ya'yan waɗansu irinta a ƙasa su ke girma, ƙwan fara su ke ci. In ta sauka a geronka kore ta da hayaƙi, amma kada ka murtsuke ta a jikinka.

Mujiya fa? Mutane suna ƙinta saboda kukanta, har su kan kashe ta. Amma mujiya biyu da 'ya'yansu su kan ci ɓera fiye da 1,000 a shekara. Wace kyanwa ce ke yi maka haka?

Saboda haka ka yi hankali da feshi. Maganin ƙwari bai san aboki ba. In ka fesa ba bisa bukata ba, masu yi maka aiki su ke fara mutuwa, masu ɓarna kuwa sun fi su saurin hayayyafa. Duba tukuna, ka nemi shawarar malamin gona. In feshi ya zama tilas, yi shi da maraice bayan zuma ta koma amya.

NAMAN KAZA DA FUMFUNA

Bayan marka za ka ga laimar kwaɗi ta fito a kan juji da ruɓaɓɓen kututture. Abin da ka ke gani kamar fure ne kawai. Ainihin halittar tana ƙasa, zare ne fari siriri kamar saƙar gizo. Tona jujinka ka gani. Ita ce ke narkar da kara da ganye da kashin dabba su zama taki. Irinta kuwa ƙura ne, ido ba ya ganin ƙwayarsa, iska ke yawo da shi. Fumfunar da ke kama tuwon kwana, da burtuntunar dawa, duk dangi ɗaya ne da ita.

Abin mamaki, gara ma manomiya ce. In ka fasa suri za ka ga waɗansu ɗakuna da wani abu kamar saƙar zuma, da fararen ƙwayoyi a kansa. Wannan gonarta ce. Ta kan tauna kara ta jera, ta shuka masa irin naman kaza, shi ya narkar da shi, sa'an nan ta ci. Da damina shi ne ke fitowa bisa suri da doguwar saiwa. Gara tana cin danga, tana huda gyaɗa, amma kuma ita ke farfasa faƙo. Manoman Burkina Faso da Nijar su kan haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta mutu, su zuba taki da rani. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga, gero ya tsaya inda dā ko ciyawa ba ta fita.

Akwai naman kaza da a ke ci, akwai mai dafi, kuma sun yi kama. Akwai wani babba fari mai fitowa inda aka yi taki, wanda ƙarƙashin malafarsa ya kan koma tsanwa-tsanwa in ya tsufa. Wannan ya kan sa amai da zawo mai tsanani. Ba wata dabara ta gida da ke raba mai dafi da mai kyau, dafuwa kuma ba ta kashe dafin waɗansu. Wanda ba ka san shi sarai ba, bar shi, ka kuma hana yara.

Akwai wadda ke taimakonka. In ka ga fara ta hau kan ciyawa ta rungume ta, ta mutu a nan, wata fumfuna ce ta ci cikinta. Masana sun raini wata 'yar'uwarta, suka gwada ta a Nijar da Benin, suka mai da ita maganin fara wanda ba ya cutar tsuntsu, ko dabba, ko mutum.

Burtuntuna kuwa, irin da ta fi yawa, a jikin iri ta ke yin rani. In an haɗa kai mai burtuntuna da masu lafiya wajen sussuka, baƙar ƙurar ta kan manne wa kowace ƙwaya, ta tsiro tare da shuka, ta ɓuya cikinta har ta fid da kai. Saboda haka ka zaɓi irinka tun a gona, ka ajiye shi dabam. Kai mai burtuntuna, yanke shi ka ƙone. Ran shuka kuma ka gauraya iri da maganin wanke iri.

Yanzu ga wadda ta fi su duka haɗari. A shekarar 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil. Wata fumfuna mai launin tsanwa da rawaya ta kama gyaɗar, ta bar dafi a ciki, wanda aka sa wa suna afilatoksin. Wannan fumfuna tana cikin ƙasar gonakinmu. Gyaɗa da masara ta fi kamawa. Dafinta ba shi da wari, suya da dafuwa kuma ba su kashe shi. In mutum ya ci da yawa gaba ɗaya, hanta ta kan lalace nan da nan. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya saboda masara irin wannan. In kuwa kaɗan-kaɗan ya ke ci shekara da shekaru, ya kan kawo sankarar hanta, yara kuma su tsumbure. Saniyar da ta ci, ya kan fito cikin nononta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fumfunar nan ta fi samun hanya in ruwa ya ɗauke wa gyaɗa kafin ta ƙosa, ko gara da ƙadandoniya sun huda kwanso, ko fartanya ta sare shi, ko an tara ta da laima. Ga abin da za ka yi. Cire gyaɗa da zarar ta ƙosa, watau in cikin kwanso ya yi duhu, kada ka bar ta cikin busasshiyar ƙasa. Kife ta, 'ya'ya su dubi rana. Kada ka zuba ta buhu sai ka girgiza ka ji tana kacau-kacau. Kada a yayyafa mata ruwa don ɓara ta yi sauƙi. Masara kuma a shanya ta bisa tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba. Buhu ya zauna bisa itace, nesa da bango. Sa'an nan a tsince mai ƙwarya-ƙwarya, da fasasshiya, da wadda ta sāke launi, da mai ɗaci. Ga inda a ke yin kuskure: a kan kai mai kyau kasuwa, a bar tsintuwar a gida, a yi ƙuli-ƙuli da kunu da ita, yara su ci. Kul! Wannan ba abinci ba ce, ko ga kaji. Binne ta.

Don baɗi kuma, cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe. Dawa ce da aka shafa wa 'yar'uwar fumfunar nan wadda ba ta da dafi. A kan watsa kilo 10 a hekta, mako biyu ko uku kafin fure, mara dafin ta riga mai dafin kama wuri.

MASU SHIGA GIDA

Ƙwaron wake ba a rumbu ya ke farawa ba. Tun a gona ya ke zuba ƙwai bisa kwanso. Ka ɗauki wake ka duba, in ka ga ɗan ɗigo fari a manne, ƙwai ne. Tsutsar ta kan huda ta shiga, ta fito da fiffike cikin kamar wata guda, ita ma ta zuba nata. Haka haka, kafin wata shida wake ya zama gari. Roro da wuri, ka shanya ƙwarai. Dabarar dā, ta gauraya wake da toka ko rairayi mai laushi, tana aiki ga wake kaɗan. Ga mai yawa, akwai buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da na Kamaru suka tsara, aka soma bazawa a 2007. In an ɗaure kowane ruɓi dabam, iska ta kan ƙare wa ƙwaron ya mutu. Durom mai murfi ma haka ne. Kada ka zuba maganin feshi cikin abin da mutum zai ci. Saboda irin wannan ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

In gona ta zama fili, ɓera ya kan biyo hatsi gida. Akwai wani iri wanda macensa ke da nonna da yawa, ta kan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Ba hatsi kaɗai ya ke ci ba. Fitsarinsa da kashinsa su ke kawo zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa na ƙasar Borno, kuma da rani ya fi yawa. Share kewayen rumbu, toshe ramuka, rufe abinci da ruwan sha, kada a shanya gari a bakin hanya ya kwana.

Inda ɓera ya ke, maciji yana kusa. Kububuwa ta kan kwanta ƙarƙashin damin kara da tarin harawa, shi ya sa cizo ke yawa lokacin girbi, kamar yadda asibitin Kaltungo na Jihar Gwambe ya saba gani. Taɓa dami da sanda kafin ka sa hannu. In ta sari mutum, kada a tsaga, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaya jira. A ɗauke shi zuwa asibiti ran nan.

AIKIN DAGACI DA MAI UNGUWA

Yawancin abin da muka faɗa, mutum ɗaya ba ya iya shi shi kaɗai. In kai ka babbake karanka, maƙwabcinka bai yi ba, tsutsarsa za ta zo gonarka. Saboda haka muna roƙon shugabanni su tara jama'a kafin girbin dawa, su daidaita a kan waɗannan:

1. Duk wanda ya ga taron ɗango, ko sheƙar jan-baki, ko wata tsutsa da bai sani ba, ya kawo labari ran nan, dagaci kuma ya aika wa malamin gona.

2. A yanke ranar da kowa zai gama da karansa da gyauronsa.

3. A hana yara jifan shamuwa da mujiya, a hana ƙonan daji don farautar ɓera da gafiya.

4. A gaya wa mata labarin tsintuwar gyaɗa da masara, gama a hannunsu abinci ya ke.

5. A share tsofaffin rumbuna, a ƙone sharar, a liƙe tsaga, kafin a zuba sabon hatsi.

6. A sami yaro mai rubutu, a ba shi littafi. Ya riƙa rubuta ranar ruwan fari da na ƙarshe, da ranar zuwan shamuwa da tafiyarta, da gonakin da fara ko murzuna ko burtuntuna ta fi yawa. Bayan shekara biyar littafin nan zai gaya wa gari abin da ba baƙon da zai iya gaya masa.

Duk wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Abin da ya ke bukata, manomi ya sunkuya ya duba, ya tsaga kara, ya juya ganye, ya fasa kwanso. Gani ya kori ji. In ka karanta wannan takarda, ka karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ku fita bayan gari tare, ku gani da idonku.